Sankarar Jini a Yara

Sankarar jini, wadda likitoci ke kira lukimiya, cuta ce da ke farawa daga ɓargo, inda jiki ke samar da jini. Wasu fararen ƙwayoyin jini da ba su nuna ba ne ke hayayyafa ba ƙaƙƙautawa har su cika ɓargon, su hana shi yin lafiyayyen jini. Likitan Jamus Rudolf Virchow ne ya raɗa mata suna a 1847. A ƙasashen da ke da cikakkiyar ƙididdiga, ita ce sankarar da ta fi kama yara.

Kusan uku cikin huɗu na yaran da suka kamu, nau'in da ake kira ALL (taƙaitaccen sunan Turanci na acute lymphoblastic leukaemia) ne ke damunsu, kuma ya fi yawa tsakanin shekara 2 zuwa 5. Mafi yawan sauran wani nau'in ne da ake kira AML (acute myeloid leukaemia), wanda ya fi wuyar magani. A yawancin yara ba a gano abin da ya jawo ta, ko da yake masu lalurar Down, wadda ake haihuwar yaro da ita, sun fi shiga haɗari. Ba a ɗaukarta daga wani, kuma ba sakacin uwa ba ne.

Alamomi

Yaron da ya saba guje-guje sai a ga ya kwanta, ya ɗashe, tafin hannunsa ya yi fari fat. Zazzaɓi ya tafi ya dawo. Ga haɓo, ga jini a dasashi, ga tabo a fata ba tare da ya buge ba. Wani ya riƙa ɗingishi ko kukan ciwon ƙafa da dare, saifa da hanta su kumbura, kaluluwa ta fito a wuya. A ƙasar Hausa waɗannan alamomi sun yi kama da zazzaɓin cizon sauro da sikila, shi ya sa akan ɓata makonni ana sake maganin maleriya yaro na ƙara ramewa. Zazzaɓin da ya ƙi jin magani tare da ƙarancin jini ya isa a nemi cikakken gwajin jini. Abin da ke tabbatar da cutar shi ne gwajin ɓargo: a sa allura a ƙashin ƙugu, a zuƙo kaɗan, a duba a madubin likita.

Magani a asibiti

A 1948 Sidney Farber na asibitin yara da ke Boston a Amurka ya nuna cewa maganin aminopterin na iya danne cutar, amma na ɗan lokaci. A farkon shekarun 1960 yaran da ke tsira daga ALL ba su kai goma cikin ɗari ba. Haɗa magunguna da yawa lokaci guda, aikin da asibitin St. Jude na birnin Memphis a Amurka ya yi fice a kansa bayan buɗe shi a 1962, shi ya sauya labarin. Yau a ƙasashe masu arziki kusan tara cikin goma na warkewa.

Jinyar ALL tana ɗaukar shekara biyu zuwa uku. Watan farko shi ne mafi tsanani, domin a lokacin ake son kakkaɓe cutar daga ɓargo da magunguna irin su vincristine da asparaginase da prednisolone. Ana kuma zuba magani cikin ruwan da ke kewaye da laka ta allura a gadon baya, saboda cutar kan ɓuya a can. Gashi kan zube, fuska ta cika, yaro ya riƙa neman abinci a kai a kai. Daga baya a koma gida ana shan mercaptopurine kullum da methotrexate mako-mako. Dashen ɓargo sai ga waɗanda cutar ta dawo musu ko ta ƙi lafawa.

Rabin aikin jinya kare yaro ne daga illar maganin kansa. Garkuwar jiki kan faɗi warwas, don haka idan ma'aunin zafin jiki ya nuna digiri 38 na Celsius, ko da tsakar dare ne, asibiti za a nufa, ba a jira gari ya waye. Ƙarin jini a kan lokaci, wanke hannu, abinci mai tsabta da nisantar mai ƙyanda ko ƙarambau duk suna cikin magani.

Babbar matsala ita ce yanke jinya. Bayan watan farko yaro kan miƙe ya koma wasa, kuɗi sun ƙare, asibitin koyarwa na nesa, sai iyaye su ɗauka ya warke. Cutar kuwa tana nan, kuma idan ta dawo ta fi taurin kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara da matasa kusan 400,000 ke kamuwa da sankara duk shekara. Sama da kashi 80 cikin ɗari na warkewa a ƙasashe masu arziki, amma a ƙasashe matalauta da dama ba su kai kashi 30 ba. A 2018 hukumar ta ƙaddamar da shirin kai adadin masu tsira zuwa aƙalla kashi 60 nan da 2030.