Kwantenar batir a bayan katangar gida: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Tun da wani kamfani ya fara auna fili a unguwarmu a nan Zariya don ajiye kwantenonin batir, ba na fitowa daga masallaci sai an tare ni. Aikin lantarki nake yi, kuma ni aka ɗora wa rubuta takardun kwamitin unguwa, shi ya sa kowa ke ganin amsar tana aljihuna. Tambayoyin kuwa iri ɗaya ne, ko daga Samaru mutum ya fito ko daga Tudun Wada. Na rubuta su a nan sau ɗaya, wanda ya sake tambayata zan miƙa masa ya karanta.

Wai ku ba kwa son sola ne?

Muna so, a kan rufin gidana ma akwai. Wanda ya taɓa kwana a Zariya cikin Afrilu babu wuta ba zai ƙi sola ba. Abin da muke nema a sa ƙa'ida kan inda za a ajiye manyan batura da yadda za a kula da su. Masu yawo da cewa kwamiti ya hana unguwa ci gaba su ji tsoron Allah.

Mene ne ma wannan rumbun batir ɗin?

Kwantena ce cike da dubban ƙwayoyin batirin lithiyam, dangin na wayarka. Tana tara wutar rana, ta saki da dare. Tashar sola mai megawat 7.1 da aka buɗe a Jami'ar Bayero ta Kano a 2019 da nata baturan aka gina ta. Shi ke nan.

Ai batirin inbata na ɗakina ya shekara biyar bai yi komai ba.

Alhamdulillahi. Amma galan ɗin fetur na janareta daban, gidan mai daban. Naka bai wuce kilowat-awa 5 zuwa 10 ba. Kwantena ɗaya ta zamani mai ƙafa 20 tana ɗaukar kilowat-awa 3,000 zuwa 5,000. Kuma tun da ka ambata, fitar da shi daga ɗakin da yara ke kwana.

Da gaske yana fashewa, ko tsoratar da mu kuke yi?

Yana fashewa. Idan ƙwaya ɗaya ta lalace, ko don zafi, ko caji ya wuce kima, ko tun daga masana'anta take da aibu, sai ta riƙa dafa kanta daga ciki. Zafinta ya kama ta kusa da ita, ita ma ta kama ta gaba, kamar gobarar kara a hunturu. Kafin a ga harshen wuta, ƙwayoyin suna fitar da iskar gas mai kamawa, ta taru a cikin kwantenar da ke rufe.

A Afrilun 2019, a garin Surprise na jihar Arizona ta Amurka, 'yan kwana-kwana sun buɗe ƙofar irin wannan rumbu, ya fashe da su, huɗu suka ji munanan raunuka. A Afrilun 2021 a Beijin, biyu daga cikin 'yan kwana-kwana sun rasu. A Janairun 2025 babbar tashar batir ta Moss Landing a Kalifoniya ta kama, aka kwashe mutane fiye da 1,000, aka rufe babbar hanya, bayan kamar wata ɗaya kuma wutar ta sake tashi a tokar.

To kwantar da hankalinka, Malam. Idan aka kwatanta da yawan rumbunan da ke aiki a duniya, waɗanda suka kama kaɗan ne, kuma hatsarin ya ragu ƙwarai a 'yan shekarun nan. Ya ragu ne saboda bayan waɗannan gobarori an tsananta gwaji da ƙa'idojin gini. Waɗannan ƙa'idojin muke so su biyo kayan zuwa nan, kada kwantena ta iso Zariya ta bar su a tashar jirgin ruwa.

Idan ya kama, mu ɗebo ruwa mu taimaka?

Kada ku kuskura. Na san halinmu, da an ce gobara kowa ya ɗauko bokiti, kuma hali ne mai kyau, amma a nan zai kashe mutum. Hayaƙin yana ɗauke da guba mai ƙona huhu da ido. A kwashe yara da tsofaffi, a nufi ɓangaren da iska ke busowa daga can, a kira 'yan kwana-kwana, kada kowa ya taɓa ƙofar kwantenar. A Ostireliya a 2021, kusa da garin Geelong, ƙwararru ma barin batirin suka yi ya ci kansa har kwana uku, suna sanyaya na gefensa kawai. Masu tsayawa ɗaukar bidiyo da waya, da ku nake.

To tazara nawa ya kamata a bari tsakaninsa da gidajenmu?

Wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma duk wanda ya ba ka lamba ɗaya tsaye bai je ya ga filin ba, kada ka riƙe maganarsa.

Ga abin da ke rubuce a wasu ƙasashe. Ƙa'idar Amurka da ake kira NFPA 855 ta ce a bar aƙalla ƙafa 10, wato kamar mita 3, tsakanin rumbun da ke waje da gini ko iyakar fili, kuma sai ya kai ƙafa 100, kamar mita 30, take ɗaukarsa a matsayin wanda ke nesa da jama'a. A Ingila, shawarar da majalisar shugabannin 'yan kwana-kwana ta fitar a 2023 ta ce a fara da mita 25 daga ginin da mutane ke ciki, da mita 6 tsakanin kwantena da kwantena. Wakilin kamfanin da ya zo mana mita 3 ɗin nan ya riƙe, yana ta nanata cewa ƙa'idar Amurka ce. Bai yi ƙarya ba, sai dai rabin magana ya faɗa.

Mita 3 ɗin an rubuta ta ne ga wurin da ke da famfon kashe gobara a bakin titi, da hanyar da babbar mota za ta shiga ta juya, da kayan da aka riga aka yi wa gwajin ƙonawa. Yanzu duba namu. A cikin Birni akwai lungun da Keke Napep ma da ƙyar take ratsawa, balle motar kwana-kwana. Matsalar ruwan Zariya kuwa ba sai na ba ɗan Zariya labarinta ba. Batirin lithiyam ya fi son zafin da bai wuce digiri 25 ko kusa da haka ba, mu kuma a Maris da Afrilu muna dosar 40, a cikin akwatin ƙarfe da ke tsaye a rana. Ke nan lafiyar kwantenar ta rataya ne a kan na'urar sanyaya ta, ƙurar hunturu kuma tana toshe matatar na'urar. Wa zai riƙa wanke ta, sau nawa, kuma wa zai san ta tsaya da ƙarfe biyun dare? Amsar wannan tana canza tazarar da zan yarda da ita.

Sai iska. Da hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, da damina daga kudu maso yamma, don haka gidan da ya tsira daga hayaƙi a Janairu yana iya zama shi ne a bakinsa a Agusta. Sai ruwan da za a zuba don sanyaya makwabtan kwantenar: ina zai gangara? Idan kwatar unguwa ce mai zuwa rafin Kubanni, ko kusa da rijiyar da ake sha, sai an gina masa ramin tarewa. Sai kuma abin da ke maƙwabtaka da filin. Shagon walda daban, makarantar Islamiyya mai yara ɗari uku daban. Idan akwai mai sayar da gas ko gidan mai a gefe, lissafin gaba ɗaya ya sauya. Girman ma yana da tasiri: ƙaramin kabad ɗin batir da ke ba ɗakin shan magani wuta ba za a ɗora masa sharaɗin kwantena shida ba, zalunci ne a yi hakan.

Ni a nawa ganin, kuma ra'ayina ne na mai aiki, ba doka ba, kada unguwa ta karɓi ƙasa da mita 30 ga cikakkiyar kwantena, kuma a ƙara idan suna da yawa ko akwai makaranta ko asibiti. Ana iya ragewa idan za a gina katangar tare wuta ta kankare, amma sai sun nuna rahoton gwajin ƙonawa da ake kira UL 9540A na ainihin samfurin da za su kawo, injiniyan da ba su suka biya shi ba ya duba. Kuma ko an cika mita 30, idan hanya ɗaya ce tak ke shiga filin, ban gamsu ba. Idan fili ya kasa ɗaukar wannan, a nemi wani. Wajen Dakace da bakin hanyar Kano ba a rasa sarari, waya kuma tana kai wuta nesa.

Sun ce nasu irin batirin lithiyam ne da ake kira LFP, ba ya kamawa.

Ya fi ɗan'uwansa NMC jure zafi, gaskiya ne, kuma shi na fi so. Amma na Beijin ɗin da ya kashe mutane LFP ne.

Mai fili ya ce filinsa ne, ya yi abin da ya ga dama.

Filinsa ne, hayaƙin kuma ba zai tsaya a iyakarsa ba. Hadisi ya zo cewa babu cuta, babu cutarwa. Ku je masa da girmamawa, tare da liman da mai unguwa. Sau da yawa shi ma ba a gaya masa abin da za a ajiye ba, an ce masa "kayan sola" kawai.

Sun yi alkawarin fitilun titi da rijiyar burtsatse. Mu sa hannu?

Haba jama'a! Ku karɓi rijiya idan an bayar, amma kada a sayi sa hannunku da ita. Na ga takardar da aka zagaya da ita a unguwarmu, dattawa suka dangwala yatsa suna zaton ta rijiya ce, ashe ta amincewa da aikin ce. Kada kowa ya sa hannu a abin da ba a karanta masa da Hausa ba. Kuma duk alkawari a rubuta shi, har da inshorar da za ta biya maƙwabta idan wani abu ya faru.

Wa za mu kai wa kuka?

A fara daga mai unguwa zuwa dagaci da hakimi, don a Zazzau maganar da ta bi ta nan ta fi nauyi. Sannan a rubuta. Izinin gini yana hannun KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kaduna. Muhalli kuma hukumar KEPA a jiha, hukumar NESREA a tarayya. Hukumar NEMSA ke duba kayan lantarki ta ba da takardar shaida kafin a kunna, hukumar NERC ke ba da lasisi. A tura kwafi ga hukumar kashe gobara ta jiha da ƙaramar hukuma, Zariya ko Sabon Gari, gwargwadon inda kuke. Idan aikin babba ne, dokar auna tasirin muhalli ta 1992 ta sa a baje rahoton jama'a su gani har kwanakin aiki 21, ku nemi ganinsa. Kowace wasiƙa a yi ta biyu, a buga muku hatimin karɓa a kan taku. Surutu a WhatsApp ba koke ba ne.

Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkar wutarsu, don haka ɗan majalisarku na jiha ba zai ce abin ya fi ƙarfinsa ba. Ku nemi ya kai maganar tazara da tsarin kashe gobara zaure.

Ni mace ce, kuma haya muke. Ina da ta cewa?

Kina da ita, Hajiya, fiye da mai gidan da ke zaune a Abuja. Ke ce a gida da yara da tsakar rana, lokacin da zafi ya fi tsanani. Sa hannunki daidai yake da na kowa, kuma za a turo mata biyu daga kwamiti su kawo takardar har cikin gida.

Tsofaffin batura fa, idan sun mutu?

Wannan tana damuna ƙwarai, ba wanda ke tambayarta sai ni. Na ga yara 'yan gwangwan suna fasa batirin dalma da guduma, suna zubar da ruwansa a kwata. Gubar dalma ce ta kashe yara kusan 400 a Zamfara a 2010, ko da yake can daga haƙar zinare ta fito. Na lithiyam kuma idan aka huda shi yana kamawa nan take. Dole kamfani ya rubuta cewa shi zai kwashe nasa idan sun ƙare, kada su faɗa hannun 'yan gwangwan.

An riga an zuba kankare, ai magana ta wuce.

Ba ta wuce ba. Muddin ba a ba da takardar shaidar kunnawa ba, ana iya matsar da kwantena, a gina katangar tare wuta, a buɗe hanya ta biyu. Ko an kunna, kuna da haƙƙin neman lambar wayar da za a kira dare da rana a manna ta a ƙofa, da a kawo 'yan kwana-kwana su zagaya wurin su san inda makashin lantarkinsa yake. Ku ɗauki hoton filin yau, ku auna tazarar daga katangarku da tef, ku rubuta kwanan wata, ku kawo wa kwamiti ranar Asabar bayan la'asar a ƙofar gidan mai unguwa.