Waiwaye: daga gulbin Maraɗi zuwa famfon Tibiri

Kwanakin nan a Maraɗi, a fada da gidajen rediyo, ana ta muhawara kan tarurrukan jin ra'ayin jama'a game da hayaƙi da ruwan dattin masana'antu. Wasu na cewa taron shan shayi ne a watse, wasu na cewa da babu gara ba daɗi. Wanda bai san garin ba sai ya zaci jiya maganar ta ɓullo.

Farkon labarin sananne ne. A 1945 gulbi ya yi ambaliya ya ci tsohon gari, aka hau tudu. Gujiya ta kawo arziki, aka kafa injinan matsar mai da na gurzar auduga, fatar jar akuyar Maraɗi ta yi suna har Turai. Farin 1973 zuwa 1974 ya karya kasuwar gujiya, amma garin bai daina faɗi ba. Ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da 267,000. Wuraren aikin da a da suke bayan gari, yau katanga ɗaya ce tsakaninsu da ɗakin kwanan yara. Kuma duk abin da aka zubar a tudu, ruwan majema ne ko baƙin man gareji, damina na iya gangarar da shi fadama, inda lambunan salati da tumatir suke.

Abin da ba a cika ambata ba a wannan muhawara shi ne Tibiri, garin Sarkin Gobir, ƴan kilomita daga nan. A 1985 aka fara shan ruwan wata rijiyar burtsatse mai zurfi. Ruwa garau, ba wari, ba launi, mata sun huta da jan guga. Ashe yana ɗauke da sinadarin fuloraid fiye da kima. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a miligiram 1.5 cikin lita guda, na Tibiri kuwa ya zarce haka nesa ba kusa ba. Sinadarin ba ya kayar da mutum rana ɗaya. Haƙoran yaro ne ke fara yin tabo ja-ja, daga baya ƙashi ya sankare, ƙafa ta gwame. Wajen shekara 15 ana sha kafin labarin ya fito fili, kuma a lokacin ɗaruruwan yara sun riga sun nakasa. Yau manya ne, suna nan a raye cikinmu.

Wani zai ce ai wannan ba dattin masana'anta ba ne, daga dutsen ƙarƙashin ƙasa ya fito. Haka ne. Abin da ya sa na daɗe a kansa shi ne yadda cutar ta yi tafiya: a hankali, a jikin yara, a gaban iyaye mata. Uwar da ke wanke wa ɗanta baki ita ce farkon mai ganin tabon, sai dai ba dandalin da za ta tsaya ta ce, "Jama'a, ku dubi haƙoran yaran unguwarmu." Kowace na ɗauka jarrabawar gidanta ce ita kaɗai. Gubar da ke cikin hayaƙi da ruwan datti ma haka take aiki, tari yau, ƙaiƙayi gobe, sai an tara gida goma a jere kafin a gane tushen ɗaya ne.

Doka dai akwai. A 1998 Nijar ta yi babbar dokar kula da muhalli, a 2018 aka ƙara wata kan binciken illar manyan ayyuka kafin a fara su, tare da jin ta bakin mutanen wurin. A ganina giɓin yana cikin al'adarmu ta taro. Takardu da Faransanci, dattawa a kujerun gaba, a yi addu'a a tashi. Matar da ke shanya hatsi inda toka ke sauka tana gida tana daka, mai lambun da ke ban ruwa da gulbi yana fadama, ɗan ga-ruwa yana kan kurarsa. Wanda ya je ma, kunya kan hana shi ƙorafi kan wurin da ƙanensa ke samun abin sa wa a baka.

Shi ya sa idan na ji an kira taro, tambayata biyu ce: da wane harshe za a karanta sakamakon awon ruwan, kuma mata nawa aka gayyata daga gidajen da ke jikin katangar.