Fodfik

Fodfik shi ne karanta ƙagaggen labarin ma'abota (wato masoyan wani littafi ko fim ko shiri) da murya, a naɗe shi, a tace shi, sannan a ɗora shi a intanet kyauta domin sauran ma'abota su saurara. Da Ingilishi ana rubuta kalmar podfic, kuma an ƙera ta ne daga kalmomi biyu: fodkas, wato shirin murya da ake saukewa daga intanet, da fanfik, wato labarin da mai sha'awar wani littafi ko fim ko shirin talabijin yake ƙagawa da taurarin wancan aikin. Yawanci wanda ya karanta ba shi ne ya rubuta ba. Wannan ne ya sa fodfik ya zama aiki mai hawa uku: akwai asalin littafin ko fim ɗin, akwai labarin da marubuci ya gina a kansa, sannan akwai muryar da ta ɗauki labarin ta ba shi numfashi.

Asali da tarihi

Fanfik ya girmi intanet nesa ba kusa ba. A Amurka, ma'abota shirin talabijin na Star Trek, wanda aka fara nunawa a 1966, sun riƙa buga ƙananan mujallu da hannunsu suna aika wa juna ta gidan waya, kuma Spockanalia da ta fito a 1967 tana cikin na farko-farko. Da intanet ta zo, labaran suka koma can. An buɗe shafin FanFiction.net a 1998, LiveJournal kuma, dandalin rubuce-rubuce da zaurukan tattaunawa, a 1999.

Murya ta makara kafin ta bi sahu, kuma dalilin a fili yake. Rubutu ba shi da nauyi, sauti kuwa yana da shi, ga intanet ɗin wancan lokaci da tafiyar hawainiya. Abubuwa kaɗan ne suka haɗu suka buɗe ƙofa: manhajar Audacity ta tace sauti, wadda ta fito kyauta a 2000, na'urar sauraron sauti ta iPod a 2001, manhajar naɗar sauti ta GarageBand a kwamfutocin Apple a 2004, da kuma intanet mai sauri da ta fara shiga gidaje. A 2004 ɗan jarida Ben Hammersley ya yi amfani da kalmar podcast a jaridar The Guardian, ba a daɗe ba kuma ma'abota suka ari rabinta suka raɗa wa nasu aikin suna. A tsakiyar shekarun 2000 aikin ya yi ƙarfi a zaurukan LiveJournal, musamman tsakanin masu bin Stargate Atlantis da Supernatural da Harry Potter. A wannan zamanin ne aka kafa Audiofic Archive, rumbun da aka keɓe wa irin waɗannan sautuka kaɗai. Daga baya da yawa suka yi ƙaura daga LiveJournal zuwa Dreamwidth, dandali irinsa wanda aka buɗe a 2009.

A 2007 wasu ma'abota, ciki har da marubuciya Naomi Novik, suka kafa ƙungiyar Organization for Transformative Works domin ayyukan ma'abota su samu gidan da ba na 'yan kasuwa ba. Ƙungiyar ce ta buɗe Archive of Our Own, rumbun ayyukan ma'abota wanda aka fi sani da AO3, ga jama'a a watan Nuwamba na 2009, kuma shafin ya ci lambar yabo ta Hugo, ta adabin ƙagaggen kimiyya, a 2019. A yau nan ne akasarin masu fodfik suke sanar da ayyukansu.

Yadda ake yin sa

Matakin farko zaɓen labari ne, kuma ba kowane labari mai daɗin karantawa da ido yake da daɗi a baki ba. Jimla mai tsawo da ido yake tsallakewa cikin sauƙi tana iya ƙarar da numfashin mai karatu. Labarin da aka gina da saƙonnin waya, ko da bayanan ƙasan shafi, ko da wasa da siffar haruffa, sai mai karatu ya nemo wa kowanne dabara ta sauti. Gogaggun masu karatu sukan bi labarin sau ɗaya ko biyu tukuna, suna sa alama a inda za su tsaya, suna ba kowane tauraro launinsa a rubutun don kada murya ta rikice, suna kuma binciken yadda ake furta sunayen da ba su saba da su ba.

Kayan aiki ba su da yawa. Makirfo mai shiga kwamfuta ya wadatar, wasu ma da wayar hannu suke yi. Abin da ya fi makirfo muhimmanci shi ne ɗakin. Bango mai tauri yana mayar da sauti, shi ya sa mutane da yawa suke shiga cikin ma'ajiyar tufafi ko su lulluɓa da bargo, domin yadi yana shanye amsa-kuwwa. Ana sa ɗan raga a gaban makirfo don tare iskar da ke fita da ƙarfi wajen furta wasu haruffa. Kafin a fara karatu akan naɗi daƙiƙoƙi kaɗan na shirun ɗakin, saboda babu ɗakin da yake shiru da gaske, kuma da wannan ɗan guntu manhaja take gane ƙarar da za ta rage.

Kuskure dole ne. Hanyoyi biyu aka fi bi. Wasu idan harshensu ya sarƙe sai su tafa hannu sau ɗaya su maimaita jimlar ba tare da tsayar da na'ura ba. Tafin yana fitowa a allo kamar dogon tsini, don haka gano wurin ba ya wahala lokacin tacewa. Wasu kuma sukan tsaya nan take, su koma baya kaɗan, su saurari ƙarshen abin da ya yi kyau, su ɗora daga nan.

Tacewa ce take cin lokaci. Mai karatu da matsakaicin sauri yana furta kalmomi kusan 150 zuwa 160 a minti ɗaya a Ingilishi, wato labari mai kalmomi 9,000 yana ba da kimanin sa'a ɗaya ta sauti. Amma wannan sa'a ɗaya takan ci sa'o'i da dama a gaban kwamfuta: a yanke maimaici, a cire ƙarar leɓe da haɗiyar yawu, a daidaita ƙarfin murya tsakanin abin da aka naɗa jiya da na yau, a auna tsawon shiru tsakanin sakin layi. Labari mai kalmomi 100,000 ya haura sa'o'i goma idan an gama, kuma akwai masu ɗaukar watanni a kan irinsa ba tare da ko sisi ya shiga hannunsu ba. Da yawa sukan ba wani abokin aiki ya saurara kafin a saki, ya nuna inda aka tsallake kalma ko inda murya ta faɗi.

A ƙarshe akan fitar da fayil na MP3, wani lokaci kuma da M4B, wanda yake ɗauke da babi-babi kuma yana tuna inda mai sauraro ya tsaya. Akan haɗa da hoton bango, wasu kuma su sa gajeren kiɗa tsakanin babi.

Murya a matsayin fassara

Tsohuwar muhawara a tsakanin ma'abota ita ce ko fodfik sabon aiki ne ko kuwa sauya wa labari mazubi kawai. Duk wanda ya saurari mutum biyu suna karanta labari ɗaya ya san amsar. Jimla guda ta hira, wani zai karanta ta da zolaya, wani da rauni, kuma daga wannan zaɓi kaɗai dangantakar taurarin biyu ta canza. Marubuci yana iya barin abu a dunƙule, ya bar wa mai karatu ya cike da tunaninsa, amma murya ba ta da wannan damar. Dole ta yanke hukunci a kan kowace kalma: ina za a danna, ina za a sassauta, shirun nan na daƙiƙa ɗaya ne ko uku. Shi ya sa ba a ɗaukar sake naɗar labarin da wani ya riga ya naɗa a matsayin ɓata lokaci. Akwai labaran da aka karanta sau da dama, kuma masu sauraro suna bin kowanne don jin yadda aka fahimce shi.

Salo ya bambanta. Akwai masu karatu a natse, da murya kusan ɗaya daga farko har ƙarshe. Akwai masu ba kowane tauraro muryarsa da karin harshensa, abin da yake da wahala idan mai sauraro ya riga ya san muryar ɗan wasan da ya fito a fim ɗin. Masu hikima ba sa kwaikwayon ɗan wasan kai tsaye, sukan ɗauki saurin maganarsa ko yadda yake jan numfashi kawai. Akwai kuma aikin taron dangi, inda mutane da yawa daga ƙasashe daban-daban kowa yake naɗar nasa kason ya aika wa mai haɗawa, har abin ya yi kama da wasan kwaikwayon rediyo.

Wani abu da ba a cika lura da shi ba shi ne irin ƙarfin halin da aikin yake bukata. Akasarin ma'abota da sunan aro suke hulɗa, kuma rubutu yana rufa wa mai shi asiri. Murya ba ta yin haka. Tana tona jinsi, tana nuna shekaru, tana faɗar yankin da mutum ya fito, kuma wanda ya san ka zai gane ka da jimla ɗaya. Masu karatu da harshen da ba nasu na haihuwa ba sukan ji tsoron karin harshensu, ko da yake masu sauraro da yawa wannan karin ne ma yake jan su. Saka murya a fili irin haka kyauta ce babba, kuma ya dace a gan ta a haka.

Izini da haƙƙin mallaka

Batun izini yana da fuska biyu. Ta fuskar doka, fodfik yana inda fanfik yake. A Amurka masu kare shi suna dogaro da sashe na 107 na dokar haƙƙin mallaka ta 1976, wanda ya halatta wasu nau'o'in amfani da aikin wani ba tare da izini ba, da kuma hukuncin Kotun Ƙoli na 1994 a shari'ar Campbell da Acuff-Rose, wanda ya ba da nauyi ga tambayar ko sabon aikin ya sauya na asali ya ƙara masa ma'ana. Dokokin wasu ƙasashe sun fi tsauri. Rashin neman kuɗi yana cikin abin da yake kare aikin, kuma AO3 ya hana tallar kasuwanci a shafinsa. Kiɗan da aka ara shi ne ya fi jawo matsala, domin na'urorin YouTube da SoundCloud suna gano shi da kansu.

Fuska ta biyu ta ladabi ce, kuma ita ma'abota suka fi damuwa da ita. Al'adar da ta kafu ita ce a nemi yardar marubuci kafin a saki. Matsalar ita ce marubuta sukan ɓace: mutum ya rubuta labari shekaru goma da suka wuce, ya bar shafin, saƙo ba ya isa gare shi. Daga nan aka samo izinin bai-ɗaya, wato marubuci ya rubuta a bayanin kansa cewa kowa yana iya naɗar labaransa ba sai ya tambaya ba, sau da yawa da sharaɗin a ambaci sunansa kuma a aiko masa da mahaɗar aikin. Wannan ɗan gajeren bayani ya sauƙaƙa wa masu karatu rayuwa ƙwarai, har akwai jerin sunayen marubutan da suka ba da shi. A AO3 mai karatu yana iya haɗa aikinsa da asalin labarin, idan marubucin ya amince sai mahaɗar ta bayyana a ƙasan labarinsa.

A shekarun baya-bayan nan wata damuwa ta taso. Ana kwasar labarai ba da sanin masu su ba, a ba na'urar ƙirƙirarriyar basira ta karanta, a ɗora a inda talla take kawo kuɗi. Ma'abota da yawa suna bambanta wannan da makahon da yake sa manhaja ta karanta masa labari don kansa, wanda ba mai ƙorafi a kai.

Masu sauraro

Makafi da masu raunin gani da masu wahalar karatu suna cikin waɗanda suka fi amfana. Haka masu koyon harshe, da wanda hannunsa yake kan aiki ko yake kan doguwar hanya, da wanda barci ya ƙaurace wa. Sai dai wannan yanayin sauraro yana da illa ga mai karatu. Wanda ya karanta labari a allo yana gamawa akwatin sharhi yana gabansa, wanda ya saurara kuwa ya gama ne yana nesa da shafin, kuma sau da yawa ba ya komawa. Don haka fodfik yakan samu sharhi kaɗan idan aka kwatanta da rubutu, duk da wahalar da aka sha. Gasa da musayar kyauta da ake shiryawa shekara-shekara, irin su Pod Together, wanda yake haɗa marubuci da mai karatu su gina aiki tare tun daga tushe, suna cike wani ɓangare na wannan giɓi.

Ajiya

Rauni mafi girma na fodfik shi ne wurin ajiya. Sa'a ɗaya ta MP3 a kan kilobit 64 a daƙiƙa tana kai kusan megabayit 29, alhali rubutun labarin bai fi kilobayit 55 ba, wato nauyin ya ninka fiye da sau 500. AO3 ba ya ajiye sauti. Abin da yake kan shafin bayani ne da mahaɗa ko ɗan akwatin kunnawa, fayil ɗin kansa yana wani wuri. Idan wancan wurin ya rufe, ko asusun mai karatu ya ƙare, shafin yana nan amma muryar ta tafi. Lokacin da hukumomin Amurka suka rufe shafin ajiyar fayiloli na Megaupload a watan Janairu na 2012, mahaɗan ayyukan ma'abota masu yawa sun mutu rana ɗaya. Tun daga nan masu karatu da dama suke ajiye kowane aiki a wuri biyu ko uku, kuma da yawa sun koma ga Internet Archive, wanda aka kafa a 1996 kuma yake karɓar sauti kyauta. Tsofaffin ayyukan da suka ɓace kuwa sukan dawo ne idan wani mai sauraro ya duba tsohuwar kwamfutarsa ya tarar da kwafin da ya sauke shekaru da suka wuce, ya sake ɗora shi.