Bazuwar sinadarai ta tantanin ƙwayar halitta

Bazuwa, wadda masana kimiyya ke kira difyushan, ita ce tafiyar ƙananan ƙwayoyin sinadari daga inda suka yi cunkoso zuwa inda suka yi ƙaranci, ba tare da wani abu ya tura su ba. Duk Bakanon da ya taɓa jiƙa zoɓo ya ga irinta: jan yakan fara taruwa a jikin zoɓon, sannu a hankali ya game ruwan ko ba a motsa ba. Dalili kuwa ƙwayoyin kullum cikin kai-komo suke, zafi kuma yana ƙara musu sauri. Wani Bajamushe, Adolf Fick, shi ya tsara dokokin lissafinta a 1855.

Kowace ƙwayar halitta, wato ɗan mitsitsin tubalin da aka gina jikin mai rai da shi, tana lulluɓe da tantani wanda kaurinsa bai wuce nanomita 10 ba (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). Shimfiɗa biyu ce ta maiƙo, da furotin jefi-jefi a cikinta, kamar yadda masana kimiyya Singer da Nicolson suka bayyana a 1972. Wannan maiƙon shi ne mai gadin ƙofa. Abin da ke narkewa cikin mai, ko ƙarami marar cajin lantarki, ratsawa yake yi kai tsaye. Ta haka oksijin ke barin iskar huhu ya shiga jini, kabon dayoksaid kuma ya fito, ƙwayar halittar ba ta kashe kuzarinta ko kaɗan ba.

Sukarin gulukos da sinadaran gishiri irin su sodiyam ba su da wannan gatan, sai ta kafofin furotin na musamman. Idan ta bazuwa ce, nan ma dai gangara suke bi, daga yawa zuwa ƙaranci.

Ruwa yana da nasa kafofin, akuwaforin, waɗanda Peter Agre na Amurka ya tabbatar da aikinsu a 1992, ya kuma sami kyautar Nobel a 2003. Tafiyar ruwa ta tantani zuwa ɓangaren da gishiri ko sukari ya fi yawa ita ake kira osmosis. Shi ya sa yankakken kabeji ke tsatsafo da ruwa ya yi laushi idan an barbaɗa masa gishiri.

Inda bazuwa ta gaza shi ne nisa. Idan tazara ta ninka sau 2, lokacin tafiyar ninkawa yake sau 4. Saboda haka galibin ƙwayoyin halitta ƙanana ne ƙwarai, kuma oksijin da zai je yatsan ƙafa sai zuciya ta harba jini ya kai shi.