Ƙarancin ruwan tsamin ciki: tambayoyin da ake ta maimaitawa

Wai da gaske asid na ciki, wato ruwan tsamin da ke narkar da abinci, yana yin kaɗan?

Yana yi. Tsufa na rage shi, haka ƙwayar cutar H. pylori idan ta daɗe a tumbi, haka shan omeprazole, maganin olsa mai rage asid, wata da watanni.

In jiƙa kanwa in sha?

A'a, don Allah ku daina! Ba ku ga yadda take kashe tsamin yakuwa a miya ba? Haka take yi wa ciki. Mai ƙarancin asid ƙara wa kansa matsala yake yi.

Ina da kumburin ciki da yawan gyatsa, shi ne?

Ba a gane shi da wannan. Mai olsa ma haka yake ji.

To in sha khal ko lemun tsami kafin abinci?

Nan ne sai an yi hankali. Wasu kan ji sauƙi, musamman bayan cin nama, amma babu ƙwaƙƙwarar hujjar bincike cewa yana gyara matsalar, kuma tsaminsu bai kai na tumbi ba. Idan kana da gyambon ciki ko ƙwarnafi, kada ka kusance shi, ƙara maka raɗaɗi zai yi. Shi ya sa nake cewa a fara da gwajin H. pylori a bahaya. Sai dai a sani, omeprazole na ɓoye ƙwayar, ana dakatar da shi mako 2 kafin gwajin, maganin kashe ƙwayoyin cuta kuma mako 4, duk da sanin likita. In gwaji ya nuna babu, kuma ba ka da olsa, kana iya gwada ƙaramin cokali ɗaya na khal ko lemun tsami a cikin kofin ruwa cikakke, tare da abinci. Ba a shan sa tsagwaronsa, yana cin haƙori yana ƙona maƙogwaro. Ka ji zafi a ƙirji, ka bari. Mai yawan kasala ya nemi a duba masa jini, domin ƙarancin asid na hana jiki tsotse sinadarin ƙarfe da bitamin B12.

Citta fa?

Ba laifi. Yanki kamar ɗan yatsa a ruwan zafi, minti 10. Tana taimaka wa abinci ya sauka da wuri. Ka kuma tauna abinci sosai, ka rage loma.

In yar da omeprazole ɗina yau?

Kul! Asid zai dawo da ƙarfi na ɗan lokaci. A hankali ake janye maganin.

Bahayana ya yi baƙi kamar kwalta.

Wannan ba na citta ba ne. Tashi ka tafi asibiti yanzu, alamar zubar jini ce a ciki.