Tambayoyi da amsoshi kan sabuwar taswirar ambaliya a Amurka

Duk lokacin da FEMA, hukumar agajin gaggawa ta gwamnatin tarayyar Amurka, ta fitar da sabuwar taswirar ambaliya ta wata gunduma, tambayoyi iri ɗaya ne suke ta dawowa, shi ya sa na tara su wuri guda domin mai tambaya ya karanta tukuna.

An ce gidana yana cikin yankin "ambaliyar shekara ɗari". Ke nan da wuya in gan ta a rayuwata?

A'a. Abin da ake nufi shi ne a kowace shekara akwai yiwuwar kashi 1 cikin 100 irin wannan ambaliya ta auku, kuma cikin shekara 30 da ake ɗauka ana biyan bashin gida yiwuwar takan kai kusan kashi 26 cikin 100. Tana iya zuwa bana, ta sake zuwa baɗi.

Inshorar gidan da nake biya ba ta isa ba?

Ba ta isa ba. Inshorar gida ta yau da kullum ba ta biyan ɓarnar ambaliya, sai an sayi ta ambaliya daban, galibi ƙarƙashin shirin gwamnatin tarayya da aka kafa a 1968. A mafi yawan lokuta sai bayan kwana 30 take fara aiki, don haka kada a jira sai hadari ya haɗo.

Wane ne ya damu da taron da gunduma take kira kan shirin rage bala'i?

Wanda yake da gida ya kamata ya damu. Tun dokar shekarar 2000, ƙaramar hukumar da ba ta da amintaccen shirin rage illar bala'i ba ta samun wasu tallafin tarayya na irin wannan aiki, kuma ana sabunta shirin duk bayan shekara 5. A can ake tantance wace kwalbati za a faɗaɗa, da waɗanne gidaje za a ɗaga ko a saye a rushe. Abin yana ɓata mini rai ƙwarai in ga kujeru babu kowa ranar taro, sannan bayan ruwa ya yi ɓarna mutum ya zo yana cewa ba a saka unguwarsu ba.

Sabuwar taswira ta saka gidana cikin yankin haɗari, alhali ruwa bai taɓa shigo mini ba. Me zan yi?

Ka kwantar da hankalinka, amma amsar ta danganta da matakin da taswirar take. Idan har yanzu ta share fage ce, akwai kwana 90 na ɗaukaka ƙara ta hannun ƙaramar hukumarku, sai dai hujjar da ake karɓa ita ce ta awo da lissafin injiniya, shaidar cewa ka daɗe a wurin ba ka ga ruwa ba ba za ta wadatar ba. Idan taswirar ta riga ta fara aiki, kana iya ɗaukar safiyo mai lasisi ya auna tsayin ƙasar da ke jikin ginin, in ta kai ko ta wuce matakin da aka ƙiyasta ruwan zai kai, sai ka nemi takardar gyara da ake kira LOMA, wadda take cire gidan daga yankin haɗari. FEMA ba ta karɓar kuɗin duba wannan buƙata, amma safiyo kai za ka biya shi, kuma yana iya aunawa a ga cewa taswirar ce take da gaskiya. Idan ciko aka yi aka ɗaga filin, to wata takarda ce daban, kuma ita akan biya. Ko ka yi nasara ma, bankin da ya ba ka bashi yana da ikon ya ce sai ka riƙe inshorar ambaliya. Shawarata ita ce ka fara zuwa wurin jami'in kula da filayen ambaliya na garinku kafin ka kashe ko sisi, kuma ko an cire ka kada ka yi gaggawar soke inshorar, domin a ambaliyar guguwar Harvey a Houston a 2017 gidaje masu yawa da ruwa ya shiga suna wajen yankin da taswira ta shata.

Me ya sa ake ta canza taswirar?

Domin ƙasar tana canzawa. Gine-gine da kwalta suna hana ruwa nitsewa, kogi yana sauya hanya, na'urorin awo kuma sun fi na da inganci.

Zan iya gyara gidana yadda nake so a cikin yankin haɗari?

Sai da izini. Idan kuɗin gyaran ya kai rabin darajar ginin a kasuwa, dole a kawo ginin duka kan ƙa'idar yanzu, wanda sau da yawa yake nufin ɗaga shi sama. Wasu garuruwan sun fi haka tsanantawa, saboda haka a tambayi ofishin ba da izinin gini kafin a kira magini.