Eurovision: babu dokar da ta hana waƙa da Jamusanci

Duk shekara idan gasar waƙa ta Eurovision ta ƙarato, sai ka ji ana yaɗa cewa wai an wajabta Ingilishi, kuma ƙasar da ta kawo waƙa da harshenta, musamman Jamusanci, rage mata maki ake yi. Maganar ba ta da tushe. Tun 1999 ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ta Turai, EBU, ta sakar wa kowace ƙasa mara ta rera da harshen da ta ga dama. Beljiyom ma a 2003 da ƙagaggen harshe ta shiga, wanda babu al'ummar da ke magana da shi, ta kuma zo ta biyu.

An taɓa yin dokar harshe, amma akasin abin da ake faɗa ce. Siwidin ta kawo waƙar Ingilishi a 1965, shi ne daga 1966 aka ce kowa ya yi da harshen hukuma na ƙasarsa. A shekarar ce Udo Jürgens ya ciyo wa Ostiriya kambu da "Merci, Chérie", waƙar bankwanan masoya mai taushi, yana zaune gaban fiyano. Taken da Faransanci, baitocin da Jamusanci. An ɗage dokar a 1973, aka maido ta a 1977, kuma dokar tana aiki lokacin da mawaƙiya Nicole ta ciyo wa Jamus gasar 1982 da Jamusanci.

Abin da ke jawo hukunci daban ne. Waƙa ba ta wuce minti 3, kuma kada a ce ta fita kasuwa kafin 1 ga Satumban shekarar da ta gabaci gasar. Sharaɗin da ya fi rikita mutane shi ne haramcin siyasa, wanda ke duba saƙon waƙa ko da wane harshe aka yi ta. A 2009 an nemi Jojiya ta gyara baitocin da aka ɗauka habaici ne ga Putin, ta ƙi, ta janye. A 2021 an kori Belarus bayan an ƙi karɓar waƙoƙinta biyu. Matsalar ita ce EBU ce kaɗai ke yanke abin da ya zama siyasa, kuma ma'aunin nata ba kullum yake fitowa fili ba.

Ni dai ban ga adalci a tsohuwar dokar ba, domin ta bar Ingilishi a hannun 'yan tsirarun ƙasashe, har Ayalan ta ci sau 4 tsakanin 1992 da 1996. Sai dai 'yancin ma ya zo da hasararsa, kuma tana damuna. Tun 1982 babu waƙar Jamusanci da ta sake yin nasara. Jamus a 2010, da Ostiriya a 2014 da 2025, duk da Ingilishi suka ci, ba tare da kowa ya tilasta musu ba.